Neman Takardun Malam a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka sai ta gyara zama ta ce, "To Inna, yaya Faranshi? Da gaske ne burodinsu kamar sanda yake?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kowace rabi nake ba ta, don akwai wurin da in na kai kuka ke tare ni. Shi ya sa na ce wa Asiya, matar ɗana Bashir, ta ɗauko biro ta zauna, tunda ita malamar makaranta ce. Ni ban iya rubutu ba. Zan faɗa ta rubuta, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana don ta rufa mini asiri.

Ba yawo na je ba. Abin da na ɓata da hannuna na je nema.

Shekara arba'in da shida muka yi da Malam a gidan nan na Unguwar Juma. Kun san zaurensa. Manya ne ɗalibansa, masu gemu: tela, mahauci, ma'aikacin ofis da ya taso daga aiki. Ina daka a tsakar gida ina jin karatunsu ta bango. Sau da yawa in ya sallame su sai ya shigo da 'yar takarda a hannu ya ce, "Hajara, zo in nuna miki baƙi ɗaya." Ni kuma in ce, "Malam, sai gobe, ka ga wake na kan wuta." Bai taɓa yi mini faɗa ba. Dariya yake yi ya koma.

Da Allah ya karɓi abinsa, aka raba littattafansa tsakanin 'ya'ya da ɗalibai. Saura wata adaka a ƙarƙashin gadonsa da ba wanda ya buɗe. Bayan na fita takaba na shiga share ɗakin, na tarar gara ta fara cin gindinta. A ciki takardu ne warwatse, babu bango, babu ɗinki, wasu an soke layi an sake rubutawa a sama. Duk rubutu irin na allo ne. Tun muna yara aka koya mana cewa takarda mai irin wannan rubutu ba a barin ta ta wulaƙanta, don akwai sunan Allah a ciki. Sai na yi alwala, na hura gawayi a kasko, na riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya ina yi masa addu'a. Tokar na binne a gindin lemon tsamin nan. A ranar har daɗi na ji, wai na yi wa Malam hidima ta ƙarshe.

Bayan mako biyu Malam Isiyaku tela, babban ɗalibinsa, ya zo tare da Bashir. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Inna, takardun koyar da manya muka zo ɗauka. Waɗanda Malam ya yi da ajami, da Hausa zalla, don wanda ya tsufa bai yi karatu ba. Ya ce mini ya gama su, suna cikin adaka."

Na faɗa musu abin da na yi. Malam Isiyaku ya yi ta salati. Bashir ya dube ni, ya dubi gindin lemon, ya sa takalminsa ya fita. Daga ranar gaisuwarsa ta koma "Ina kwana, Inna" da "Sai da safe, Inna." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Malam Isiyaku ne ya tuna cewa wani abokin karatun Malam, Malam Habu na Damagaram, wanda ya yi zaman neman ilimi a garin nan suna samari, ya taɓa zuwa ya kwafi takardun ya tafi da su. Shi ma ya rasu, amma matarsa Malama Zainabu na nan. Aka samo lambarta. Layin yana ta yankewa, abin da Bashir ya samu ya faɗa mata kawai shi ne muna tafe a kan maganar takardun Malam. Ta ce, "Alhamdu lillahi, mun daɗe muna jira." Bashir ya so ya tafi shi kaɗai. Na ce hannun da ya ƙona shi zai je ya roƙo.

Mun tashi da sassafe daga tashar motar Kwangila. Na yi tsaraba da doya, da citta, da daddawa, da galan ɗin man gyaɗa. Rabona da Kano tun bikin ƙanwata, ban gane komai ba sai hayaniya da gadoji. Muka canza mota zuwa Daura. Bayan Kazaure motar ta faɗa rami, murfin galan ya buɗe, man ya bi ƙasan kujera ya jiƙe wa Bashir farar shaddarsa har gwiwa. Wani ɗan kasuwa da ke gefe ya ce, "Alhaji, saura albasa a soya ka." Mota duk ta ɗauki dariya. Na saci kallon Bashir ko zai yi murmushi. Ya ciro hankici yana gogewa, bai ɗago ba.

A Kwangwalam aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Ni na ɗauka iyaka katanga ce mai ƙofa, irin ganuwar garinmu. Ashe igiya ce da ganguna da rumfa, mutanen wancan gefe kuma Hausa suke yi kamar mu, sai dai su ce "lahiya lau". Wani mai kaki ya karɓi katina ya rubuta a babban littafi, ya miƙo mini biro ya ce, "Uwa, sa hannu." Na tsaya ina kallon biron. Ya gane, ya turo mini tawada na dangwala. A bayana akwai wata tsohuwa da ta girme ni, ta ɗauko ɗaurin tabarmi, ba ta da haƙori ko ɗaya a gaba. Ta ajiye kayanta, ta karɓi biron, ta sunkuya a hankali ta rubuta sunanta daga dama zuwa hagu. Na cusa babban yatsana cikin mayafi. Kwana uku tawadar nan ba ta fita ba.

Daga nan ƙasa ta buɗe, gero da rairayi da raƙuma jefi-jefi. A Matamai direba ya tsaya, Bashir ya sayo mini burodin da kuke tambaya. Gaskiya ne, dogo ne, ɓawonsa kuma ya kusa ƙarasa mini haƙoran da suka rage. Sai da wata mata ta nuna mini a ruwan shayi ake jiƙa shi.

Mun shiga Damagaram bayan la'asar. Gidan Malama Zainabu na cikin tsohon gari, lungunansu matsattsu kamar namu, sai dai duwatsu manya-manya a tsakiyar unguwa, da rairayi da ke cika takalmi. Doguwar mace ce baƙa, da tabarau ɗaure da zare. Ta rungume ni kamar mun san juna, muka yi wa juna ta'aziyyar mazajenmu muna kuka. Aka kai Bashir ɗakin baƙi a zaure, ni kuma ta ba ni gadonta ta ce ita tabarma ta fi mata. Aka kawo fura, su "hura" suke cewa, mai kauri da dabino a ciki, ban taɓa shan irinta ba. Aka kawo shayi a ɗan ƙaramin kofi. Na ɗauka ɗanɗano ne kafin a kawo na gaske, na kurɓe shi gaba ɗaya. Ɗacinsa sai da ya fito mini da hawaye. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, a hankali ake sha, saura biyu na tafe, na ƙarshen ne mai zaƙi."

Na so in ɗauko maganar takardu, ta ɗaga hannu ta ce baƙo ba ya magana ranar da ya sauka. "Gobe Alhamis, ranar zama ce. Kya faɗa a gaban matan unguwa duka, don maganar tasu ce."

Abin da na gani a unguwar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ranar Litinin da Alhamis ba a ɗora tukunyar rana. Mazan sun sani, fura suke sha. Na ji wani tsoho a ƙofar gida yana ce wa Bashir, "Mu nan ranar karatu marayu ne. Amma tun da tawa ta iya karanta takardar magani na daina shan na dare da safe." Ana idar da azahar mata suka fara shigowa, kowace da 'yar jakarta. Babu yarinya a ciki. Masu jika ne, wasu da sanda. Malama Zainabu ta gaya mini ƙa'idarsu: wadda ta sauke takardun ba a yi mata walima sai ta kawo wata da ta girme ta, ta zauna kusa da ita har ita ma ta sauke. Ita kanta tana da shekara hamsin mijinta ya koya mata da takardun Malam, ita kuma ta jawo maƙwabciyarta.

Na zauna ina tunanin garinmu. Mu da ake zuwa daga ƙasashe neman karatu a wurinmu, mu da kowane lungu da malaminsa. 'Ya'yanmu mata sun yi boko sun yi islamiyya, ga Asiya nan. Amma mu tsofaffin da muka riga muka wuce, wa ya taɓa cewa mu zo mu zauna? In ma an ce, kunya muke ji a gan mu da furfura muna "alu ambaki". Karatu ya tsaya a zaure, mu muna ciki muna ji ta bango. Takardun da aka rubuta a ɗakina sun yi tafiyar kwana guda sun raya unguwar wasu.

Malama Zainabu ta ce musu ga matar Malamin Zazzau ta zo, ba ta faɗi sunana ba. Suka yi ta yi mini sannu. Aka shimfiɗa wa Bashir tabarma a bakin zaure inda zai ji. Aka fara. Wata mai sayar da fura da ake kira Ta-Sallah, gajera mai faɗa, ta ɗora yatsa a kan takarda tana karantawa da ƙarfi.

"Hajara ta ɗora wake. Waken ya ƙone."

Na ce a raina, Hajara ai da yawa.

"Akuyar Hajara ta ci sabulu."

Wannan akuyar tawa ce. Ja ce mai farin goshi, shekarar da na haifi Bashir ta cinye mini sabulun salo, ta yini tana kumfa. Wata ta karɓa: "Hajara ta ba maƙwabta gishiri. Hajara ba ta mantuwa. Hajara ta san ranar haihuwar kowa a unguwa." Duk abin da nake yi a tsakar gida, ashe mutumin nan yana zaure yana ji, yana mayar da shi darasi. Da tukunyata da muciyata da tsintsiyata ya jera baƙaƙen, don in na zo koyo in tarar da kayana a ciki.

Ana cikin haka wata ta shigo a makare tana haki. Gaba ɗaya suka ɗauka: "Hajara ta iso! Sannu Hajara, waken ya nuna?" Ita ma tana dariya ta ce, "Ku rufa mini asiri, jikana ne ba lahiya." Malama Zainabu ta dube ni da sauri ta sunkuyar da kai. Ita ta sani.

Ta-Sallah ta juya takarda ta ƙarshe ta karanta: "Malam ya ce, zo ki koya. Hajara ta ce gobe." Ta ajiye ta juyo gare ni. "To Hajiya, nan muka tsaya shekara da shekaru. Malamin Zazzau ya yi alkawarin zai aiko da sauran in ya gama. Mun kusa dambe a kan matar nan. Waɗannan sun ce a kashi na biyu ta koya. Ni na ce wallahi ba ta koya ba, na san irinsu, ni ma haka nake da. Buɗe jakar ki raba mu."

Sai a lokacin na gane abin da "mun daɗe muna jira" ke nufi. Su suna jiran in kawo musu sauran, ni na zo roƙon abin da ke hannunsu. Ido kusan ashirin a kan jakata, babu komai a ciki sai carbi da goro da maganin hawan jini.

Asiya, rubuta wannan yadda na faɗa.

Na ce, "Ni ce Hajara." Na fito da yatsana mai tawada na nuna musu. "Ta-Sallah, ke kika yi gaskiya, ban koya ba. Ya gama sauran, ya ajiye a ƙarƙashin gado. Ni na ƙona su da hannuna, don ban san me ke ciki ba."

Wata ta fara salati a hankali. Wadda aka tsokana ta rufe baki da mayafi. Na jira a zage ni. Na so ma a zage ni.

Ta-Sallah ta dube ni. Sannan ta ce, "Shekarunki nawa?"

Na ce, "Sun ce saba'in da ɗaya."

"Kin girme ni da uku." Ta juya ga Malama Zainabu. "Malama, shekara biyu ke nan da na sauke kin hana ni walima, wai ban kawo wadda ta girme ni ba. Duk unguwar nan an riga ni kwashe tsofaffin. To ga tawa Allah ya kawo mini har daga Zazzau." Ta matsa ta buga tabarma a gefenta. "Taso, Hajara. Yau babu wake a wuta, mun tabbatar."

Aka yi dariya ana share hawaye. Na taso na zauna. Ta kama yatsan nan nawa mai tawada ta ɗora shi a kan baƙin farko na sunana. Idona ya riga ya yi yana, sai na kawo takardar dab da hanci nake ganin baƙin kamar ƙudan da ya faɗa nono. Da a lokacin da Malam ke kirana ne, zare nake zurawa a allura ba tare da na matsa kusa da haske ba.

Kwana tara muka yi maimakon biyu. Kullum da hantsi Ta-Sallah za ta ajiye ƙwaryar furarta ta zo. Ba ta da haƙuri irin na Malam. "Ba haka ba! Wannan cikinsa a buɗe yake, ke ba ki ga kamar bakin tulu ba?" Bashir ya ɗauki hoton takardun duka da wayarsa, amma matan suka ce hoto ba tsaraba ba ne. Kowace ta ɗauki shafi ta kwafa da hannunta. Wani rubutun ya karkace, wani manya-manya kamar sawun kaza. Malama Zainabu ta haɗa su ta ɗinke da zare ta sa mini a jaka. Ranar da za mu taso aka yi wa Ta-Sallah rabin walima. Ta ce sauran rabin sai ranar da aka bugo waya aka ce na sauke.

A hanyar dawowa, a iyaka, mai kaki ya sake miƙo biro. Na karɓa. Baƙi biyu na yi na manta na uku, layi kuma ya taru a bayana. Na ajiye na dangwala. Ba zan yi muku ƙarya ba.

Sai da muka wuce Daura Bashir ya yi magana. Yana kallon taga ya ce, "Inna, wata huɗu adakar nan tana ƙarƙashin gado. Ni da na iya karatun ban buɗe ta ba. Shekara nawa ina shigowa gidan nan da digiri, ban taɓa cewa ki zo in nuna miki ba. Na ɗora miki ne don na rasa inda zan ajiye nawa." Na ce ya yi shiru, mutane na ji. Ya kama hannuna bai saki ba har Kano.

Yanzu kun ji duka. Zauren Malam da ke rufe tun rasuwarsa na sa an share. Litinin da Alhamis bayan azahar Asiya na zama da mu. Mu biyar ne zuwa yau, ni ce babba, ni ce kuma ta baya. Baƙi goma sha ɗaya na riƙe. Likita ya ce za a kankare mini ido ɗaya bayan salla, ɗayan ya riga ya tafi.

Rannan Asiya ta ce tunda takardun sun ƙare a "Hajara ta ce gobe", mu ƙara shafi mu rubuta "Hajara ta koya." Na hana. Ban koya ba tukuna, kuma ba hannunsa ba ne. Abin da ya rubuta a kaina bayan wannan layin, ko fushi ya yi, ko uzuri ya ba ni, ko wata akuyar ya tuna, yana gindin lemon tsami. Na riƙe shi a hannuna shafi bayan shafi, na kalle shi da idona lokacin yana gani, na sa a wuta ina yi masa addu'a. Kowace safiya in na zuba wa lemon ruwa sai na tsaya a wurin.

Hajiya Mairo, ke kika fi kowa tambayata labarin Faranshi, kuma kin girme ni da shekara guda, kada ki musa, Malam ya rubuta cewa ba na mantuwa. Na bar miki wuri a gefena a kan tabarma. Jiya da na aika miki, Asiya ta dawo ta kasa haɗa ido da ni. Sai da na matsa mata ta faɗa mini abin da kika ce.

Ni ma haka na ce, shekara arba'in da shida.